Sauya Man Giyar Motar Tsere: Juye Ta Kasko, Wanki Da Na'ura, Ko Barin Man Yadda Yake

Duk wanda ya mallaki motar tsere mai giya otomatik, ko Dodge Challenger ce, ko Toyota Supra, ko Jaguar F-Type, ko ɗaya daga cikin ƙananan BMW masu ƙofa biyu, ba zai daɗe ba sai ya tsinci kansa tsakanin shawarwari uku da ba sa jituwa. Dilan motar, wani lokaci har da littafinta, zai ce masa man giyar ba ya buƙatar canji muddin motar tana raye. Bakaniken da ya daɗe a sana'a zai ce a kwance kaskon da ke ƙarƙashin giyabos, a tsiyaye abin da ya fito, a sa sabuwar filta, a cika. Mai garejin zamani kuwa zai nuna masa wata na'ura mai tiyo biyu, ya ce ita kaɗai ce take fitar da tsohon mai baki ɗaya, sauran hanyoyin duk rabin aiki ne. Kowannensu yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, kuma kuskure a nan yana cin kuɗi sosai, domin in ban da injin babu abin da ya kai giyabos tsada a jikin irin waɗannan motoci. Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan masu su a ƙasashenmu masu zafi, hanyar kasko da filta ce ta fi dacewa, musamman idan aka maimaita ta; amma akwai yanayin da na'ura ta fi ta, akwai kuma wanda barin man ya fi su duka biyun.

Kafin a auna hanyoyin, dole a san irin wahalar da man yake sha. A giya manuwal aikin mai bai wuce shafe haƙoran ƙarfe ba. A otomatik kuwa shi ne yake ɗaukar ƙarfin injin a cikin konbata, wato tulun da ke cike da mai tsakanin injin da giyabos, ya miƙa wa giyabos, shi ne famfo yake turawa ta ƙananan hanyoyin balb-bodi, sashen da ke rarraba mai a cikin giyabos, ya danne faiba, wato faifan kuloci da ke kama ƙarfe, duk lokacin da za a sauya giya, kuma shi ne yake kwashe zafi ya kai ƙaramin lagireton giya. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci, wanda ido ba ya gani, shi ne sinadaran da aka zuba masa domin daidaita yadda faiba take kama ƙarfe, don kada ta kama da fizga, kada kuma ta yi sulɓi. Waɗannan sinadarai su ne suke fara raunana tun launin man bai sauya sosai ba, kuma zafi ne babban makashinsu. Ƙa'idar da masana mai suka daɗe suna aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka saba yana kusan ninka saurin lalacewar mai. Giyabos mai lafiya yakan yi aiki a tsakanin digiri 80 zuwa 95, amma motar da ake taka wa totur har ƙasa daga tsaye, ko ake riƙe ta a ƙaramar giya injin yana kuka, ko take tsaye cikin cunkoso a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Yamai, lokacin da iskar waje kanta ta haura digiri 40, ba irin rayuwar da aka yi lissafinta a littafin motar take yi ba.

Zan gina kwatancin a kan giyabos guda ɗaya, wato ZF 8HP mai giya takwas, domin shi ne ya fi yawa a cikin motocin da ake magana a kansu. Kamfanin ZF da ke Friedrichshafen a Jamus ne ya ƙirƙiro shi, ya fara fitowa a cikin BMW 7 Series a 2009, daga nan ya bazu har ya shiga F-Type tun fitowarta a 2013, da Challenger daga samfurin 2015, da sabuwar Supra ta 2019 wadda ake haɗawa tare da BMW Z4 a garin Graz na Ostiriya. Ba shi da sandar auna mai, don haka mai mota ba zai iya buɗe bonet ya duba launi ko yawa ba. A yawancin waɗannan motoci kaskonsa na roba ne, filta da maganaɗisu suna manne a jikinsa, ba a raba su, wanda ke nufin sabuwar filta sai da sabon kasko. Man da yake ɗauka gaba ɗaya ya kusa lita 9, kuma kaso mai yawa daga cikinsa yana zaune ne a cikin konbata da bututu da lagireton giya, inda buɗe noti daga ƙasa ba ya kaiwa.

Barin man yadda yake shi ne zaɓi mafi arha a yau, kuma ba maganar banza ba ce gaba ɗaya. Man zamani ya fi na da juriya nesa ba kusa ba, giyabos da ba a buɗewa ƙura ba ta shigarsa, kuma masu ƙera motoci sun san cewa hannun da bai ƙware ba yakan yi ɓarnar da ta fi ta tsohon mai. Sai dai a lura da wani saɓani mai ma'ana. BMW ya daɗe yana cewa ba a sauya man wannan giyabos, alhali ZF da ya ƙera shi ya rubuta cewa zafi da tuƙi mai tsanani suna tsufar da mai, ya kuma ba da shawarar a sauya shi tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara takwas. Mercedes ma ya taɓa cewa man giyarsa mai giya biyar, wato 722.6, ba ya buƙatar canji, daga baya ya koma ya sanya canjin mai a kilomita 60,000. Idan mai sayar da mota da maƙerin giyabos suka saɓa a kan lafiyar giyabos, ni maganar maƙerin nake ɗauka, domin mai sayarwa lissafinsa yakan tsaya ne a shekarun garanti da mai ita na farko, mu kuwa yawanci mu ne na biyu ko na uku.

Wannan batu na hannu na biyu shi ne ya fi raunana hujjar barin mai a wurinmu. Motocin tsere da yawa da ke yawo a Abuja da Kano tokumbo ne daga Amurka, sun shigo ta Legas ko Kwatano, ba takardar gyara, ba wanda ya san yadda mai ita na farko ya tuƙa ta, wasu kuma daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka ɗauko su. Mitarsu ma da mil take ƙirga, don haka motar da ta nuna 60,000 ta riga ta ci sama da kilomita 96,000, wato ta shiga tsakiyar zangon da ZF ya ambata, wannan ma idan ba a mayar da mitar baya ba. Saboda haka barin mai ya dace ne kawai a wurare biyu. Na farko shi ne mota sabuwa ko mai ƙarancin tafiya wadda aka san tarihinta. Na biyu shi ne giyabos da ya riga ya fara mutuwa, wanda injin yake kuka mota ba ta ja, ko yake jinkiri sosai kafin ya kama ribas, ko manshi ya yi baƙi yana warin ƙuna. Daga irin wannan ne labarin nan da ya bazu ya samo asali, cewa wane ya sauya man giya sai giyar ta mutu bayan mako guda. Abin da yakan faru shi ne, mai motar bai je gareji ba sai da ya ga alamun ciwo, faibar ta riga ta cinye, garinta da ke yawo a cikin tsohon man shi ne yake ɗan taimaka mata ta kama, da aka zubar da shi sai sulɓin ya fito fili. Irin wannan giyabos gyara yake buƙata, kuma kuɗin da za a kashe a kan mai gara a tara shi domin gyaran.

Hanya ta biyu, wato kwance kasko, ita ce ZF da kansa yake sayar da kayan yinta a cikin kwali guda: kasko mai filta, sababbin notuna, da man. Babbar fa'idarta ba ta tsaya ga sabon mai ba. Ita ce kaɗai hanyar da take ba da damar ganin cikin giyabos ba tare da an sauke shi ba. Idan aka duba maganaɗisun kasko aka ga laushin garin ƙarfe mai kama da toka, wannan cin yau da kullum ne, babu abin damuwa. Idan aka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli wanda yatsa yake ji, ko gutsattsarin faiba baƙaƙe a gindin kaskon, to an sami labarin da babu wata na'ura da za ta bayar, kuma mai mota zai san abin da ke gabansa tun kafin ya tsaya a hanyar Kaduna da dare. Sannan ita ce take cire tsohuwar filta, wadda idan ta fara toshewa takan hana famfo samun isasshen mai, matsi ya ragu, faiba ta riƙa kamawa a makare tana ƙonewa a hankali. Kuma man yana fita ne da nauyin kansa, ba a tura komai da ƙarfi, ba a tayar da dattin da ya kwanta a lungu.

Rauninta a bayyane yake, kuma masu na'ura suna da gaskiya idan suka faɗe shi. Abin da yake fita idan an kwance kasko bai cika wuce lita 5 ko 6 ba, sauran yana nan a cikin konbata, kuma da an tayar da injin zai gauraye da sabon. Lamarin kamar randa ce da aka kwashe rabin ruwanta aka cika da sabo. Amma lissafin bai kai munin da ake zato ba. Idan aka ɗauka giyabos yana cin lita 9 kuma ana fitar da 5 a kowane juye, bayan juye na farko tsohon mai zai rage kashi 44 cikin ɗari, bayan na biyu kusan kashi 20, bayan na uku ƙasa da kashi 10. Juye na biyu ba ya buƙatar wani kasko, notin tsiyaya kawai za a buɗe, ko da yake abin da zai fito ta nan zai ɗan gaza na farko. A ganina juye biyu, da tazarar tafiyar kilomita ɗari biyar zuwa dubu a tsakaninsu, sun isa ga motar da ba a san tarihinta ba, domin abin da ake nema shi ne a sabunta sinadaran man a rage datti, ba sai an kai ga ɗigon ƙarshe ba. Wannan sauyi na sannu a hankali ma alheri ne ga giyabos mai shekaru, saboda ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ta saba da halin tsohon mai, tana buƙatar lokaci ta daidaita matsin da take ba kowace faiba.

Inda aikin kasko yake lalacewa shi ne wurin cikawa, kuma a nan ne nake so mai mota ya fi sa ido, domin ya fi zaɓen hanya kansa muhimmanci. Tunda babu sandar awo, ramin cikawa da ke gefen giyabos shi ne ma'auni: ana zuba mai har ya fara dawowa ta ramin. Amma wannan ma'auni ba ya yin daidai sai an cika sharuɗɗa. Dole motar ta tsaya daidai a kan rami ko a kan na'urar ɗagawa, ba a karkace kan jak ɗaya ba. Dole injin ya kasance yana aiki, domin sai famfo ya ja mai ya cika konbata da hanyoyi kafin a san ainihin abin da ya rage a kasko. Wanda ya cika injin a kashe ya rufe, ya bar giyabos da giɓin da zai iya wuce lita guda. Ana taka birki a bi da giyar ta ribas da ta gaba, a ɗan dakata a kowace, sannan a ci gaba da zubawa. Kuma dole zafin man ya kasance tsakanin digiri 30 zuwa 50, ana karanta shi da na'urar sikanin daga ƙwaƙwalwar giya, ba da tafin hannu ba, domin mai yana kumbura idan ya yi zafi. Idan aka auna shi da zafi fiye da kima, zai zubo tun bai cika ba, a rufe da ƙarancin mai. Idan ya yi yawa kuma, sassan da ke juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi.

Wannan sharaɗi na zafi yana da wata wahala ta musamman a ƙasarmu. A lokacin bazara motar da ta kwana a waje ma takan wayi gari manta yana kusa da digiri 30, da rana kuwa ya haura 40 tun ba a tayar da injin ba, don haka mintunan da suka rage kafin ya tsallake 50 kaɗan ne. Motar da aka tuƙo zuwa gareji da tsakar rana ba za ta huce yadda ake so ba sai bayan sa'o'i masu yawa. Abin da ya dace shi ne a kai ta da yamma, a kwance kasko a bar man ya tsiyaye cikin dare, wanda hakan ma yana ƙara yawan abin da zai fita, sannan a cika da sassafe. A motocin da ke da tamostat a hanyar lagireton giya, wato bawul da ba ya buɗewa sai mai ya yi zafi, ana sake fita da motar har man ya yi zafin da tamostat ɗin zai buɗe, a bar ta ta huce, a sake duba ma'aunin. Notunan kaskon roba kuma ba sa son ƙarfin hannu. Ƙa'idar ƙarfin ɗaure su mita-Niyuton 10 ce kacal, da sifana mai awo, ana bin su a jere yadda takardar ta nuna, in ba haka ba kaskon ya lanƙwashe ya fara yoyo. Bakaniken da ba shi da na'urar sikanin da sifana mai awo bai kamata a ba shi wannan aiki ba, komai sunansa a gyaran wasu motoci.

Hanya ta uku ita ce na'ura, kuma ya kamata a raba ta gida biyu, domin ana cakuɗa su a baki. Akwai wadda ake haɗawa da bututun lagireton giya, injin yana aiki, famfon giyabos ɗin da kansa yana tura tsohon mai waje yayin da na'urar take mayar da sabo daidai gwargwadon abin da ya fita. Wannan musanya ce mai sauƙi, matsinta bai wuce wanda giyabos ya saba da shi ba, kuma tana fitar da kusan dukkan tsohon mai a zama ɗaya, har da na cikin konbata. Akwai kuma wadda ake fara zuba sinadarin wanki a cikin giyabos, wani lokaci a tura mai da famfon na'urar ko a juya masa hanya. Wannan ta biyun ban yarda da ita ba ko kaɗan a giyabos na zamani. Hanyoyin balb-bodi da bawul ɗinsa masu aiki da lantarki suna da ƙanƙantar da ɗan tsakin datti ya isa ya maƙale su, sinadarin wanki kuwa aikinsa ke nan ya ɓamɓaro dattin da ya kwanta lafiya, sannan ba ya fita duka, ragowarsa tana ɓata sabon man tana kuma taɓa robobin da ke riƙe matsi. Honda ya daɗe yana hana yi wa giyoyinsa irin wannan wanki, yana cewa a maimaita juye na tsiyaya maimakonsa.

Ko musanya mai sauƙin tana da nata matsaloli idan aka zo kan 8HP. Ba ta taɓa filta, don haka idan ita kaɗai aka yi, sabon mai zai riƙa bi ta tsohuwar filta, kuma babu wanda ya ga maganaɗisu. Idan aka ce a haɗa ta da sauya kasko, to an yi aikin hanya ta biyu ke nan an ƙara wani a kai. Tana cin mai da yawa, domin sabo da tsoho suna gaurayewa a kan hanya, sai an zuba lita 12 ko fiye kafin abin da ke fita ya yi tsabta, kuma wannan mai ba mai arha ba ne. Tamostat ɗin da na ambata yana iya rufe hanyar lagireto idan man bai yi zafi ba, sai na'urar ta riƙa aiki ba tare da ta taɓa yawancin man da ke ciki ba, mai mota kuwa ya biya kuɗin cikakken aiki. Abin da ya fi damuna shi ne tankin na'urar kanta. A garejin da ake yi wa motoci iri-iri aiki, jiya an zuba mata jan man Toyota, shekaranjiya na Mercedes, kuma ba kowa ne yake wanke ta tsakanin mota da mota ba. Bayan duk wannan, dole a koma a daidaita ma'auni da zafin nan na digiri 30 zuwa 50, domin na'urar tana mayar da abin da ta cire ne kawai, idan da ma man ya gaza haka za ta bar shi.

Duk da haka akwai lokutan da musanya da na'ura ta fi kasko, kuma su ne lokutan da tsohon man kansa ya zama guba, ta yadda ragowar kashi 20 ma ba abin yarda ba ce. Misali mafi shahara ya fito daga General Motors. Giyabos ɗinsa mai giya takwas, 8L90, wanda ke cikin Corvette daga 2015 zuwa 2019 da kuma Camaro SS ta 2016, ya yi ƙaurin suna da wata karkarwa da direba yake ji yana tafiya a hankali a babbar giya, kamar mota tana bin titi mai kunya-kunya irin ta gona. Kamfanin ya danganta matsalar da danshin da man farko yake sha, wanda yake ɓata yadda kulocin konbata ke kamawa, ya kuma umurci dilolinsa su fitar da tsohon man kusan gaba ɗaya su maye gurbinsa da Mobil 1 Synthetic LV ATF HP. Mai irin wannan mota da ke jin karkarwar, juye guda ta kasko ba zai wadatar da shi ba. Haka nan idan an tabbatar wani ya zuba man da ba nasa ba, ko ruwa ya shiga ta bututun numfashin giyabos bayan an ratsa ambaliyar damina, ko ruwan lagireto ya haɗu da man har ya koma kalar madara. A batun ruwa sai an yi gaggawa, domin yana narkar da gam ɗin da ke riƙe faiba a jikin ƙarfenta, kuma idan ya kwana biyu a ciki musanyar ma ba lallai ta ceci giyabos ɗin ba.

Kowace hanya aka zaɓa, nau'in man da aka zuba yana iya gyara ta ko ya rushe ta. Al'adar da ta zauna a garejojinmu tun zamanin tsofaffin motoci ita ce duk giya otomatik jan mai take sha, kuma galan ɗaya ya isa kowa. Man 8HP, wato ZF Lifeguard Fluid 8, ba ja ba ne ma, launinsa ya karkata zuwa kore, kuma ya fi tsohon man giya na Dexron III tsinkewa sosai. Mopar, mai kayan gyaran Dodge, da BMW suna sayar da makamancinsa da nasu sunan. Ford Mustang mai giya shida, daga 2011 zuwa 2017, Mercon LV take sha, amma mai giya goma da ta fara a 2018 Mercon ULV take so, kuma ba a musanya su. Nissan 370Z mai giya bakwai Matic S ce tata. Mercedes mai 7G-Tronic ta farko jan mai take sha, wadda aka sabunta daga 2010 kuma shuɗi, duk da sunansu kusan ɗaya ne. Man da aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da kowace mota yana iya wucewa a motar kai yara makaranta, amma ba zan zuba shi a giyabos da ke ɗaukar ƙarfin injin V8 ba. Sai kuma batun jabu, wanda ya yi yawa a kasuwar kayan mota. Gara a sayi man daga dilan da aka amince da shi, a duba hatimin kowace kwalba, a kuma tsaya a ga an buɗe su a gaban ido.

Duk abin da ya gabata ya shafi giya mai konbata ne. Motocin da ke da giya mai kuloci biyu lissafinsu daban ne. Giyar DSG ta Volkswagen mai giya shida da ke cikin Golf GTI da Audi TT, wadda kulocinta ke jiƙe a cikin mai, ana sauya mata mai da filta duk kilomita 60,000 bisa ƙa'idar kamfanin. Corvette ta 2020 zuwa sama, mai giyar Tremec, ana sauya mata filtar waje tun a mil 7,500 na farko. PDK mai giya bakwai ta Porsche 911 kuwa mai iri biyu take ɗauka a ɗakuna biyu, ɗaya na kuloci ɗaya na haƙoran giya. Tunda babu konbata da ke ɓoye mai, tsiyaya tana fitar da mafi yawansa, na'urar musanya ba ta da wani amfani a nan, kuma man otomatik na yau da kullum bai dace da su ba.

Ga mai 8HP ko makamancinsa da ya sayi motar hannu na biyu, tana sauya giya lafiya, ba ta nuna wata matsala a na'urar sikanin ba, shawarata ita ce ya kwance kasko da filta cikin watannin farko ba tare da jiran mita ta kai wani adadi ba, ya maimaita tsiyaya sau ɗaya, daga nan ya riƙe tazarar kilomita 60,000 ko shekara huɗu zuwa biyar saboda zafin ƙasarmu, ya rage ta idan yana yawan gwada gudun motar. Wasu masu gyara sukan so su goge abin da ƙwaƙwalwar giya ta koya bayan an sauya mai, suna cewa hakan zai sa ta koma sabuwa. Ban ga dalilin yin haka ba idan ba a sauya wani sashe a cikin giyabos ba, domin waɗannan alƙaluma su ne suke rufe giɓin cin da faiba ta yi, kuma idan aka goge su giyar za ta yi ta fizga tana neman daidaito daga farko. A bar ta ta daidaita kanta cikin tuƙi mai natsuwa na 'yan kwanaki, ba tare da taka totur har ƙasa ba, sannan a sake ɗaga motar a duba gefen kasko da notin cikawa ko akwai laima, a rubuta ranar aikin da adadin mita da sunan man a takardar da za ta zauna a cikin motar.